Artesunate na dubura: wane bincike za mu kama, wanda ya ce yana ceto ko wanda ya ce a dakata?

Baban Nana: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambayar da ta hana ni sakat, kuma na san zauren nan ba ya rasa masana. Ni ke duba ma'aikatan lafiya na sa-kai a ƙauyukan da mota ba ta shiga da zarar damina ta kankama. An ba mu horo kan artesunate ɗin nan da ake cusa wa yaro ta dubura idan zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani, kafin a tura shi babban asibiti. A wurin horon aka ce mana yana rage mutuwa da rabi. Jiya kuma sai abokin aikina ya turo mini wani rubutu da ke cewa an gwada shi a ƙasashe uku, yaran da aka yi wa sun fi mutuwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dakata. To wanne zan kama? Ranar Litinin zan tsaya gaban mutanen nan, idan na yi musu baki biyu ba za su ƙara yarda da ni ba.

Sista Uwani: Wa'alaikumus salam. Malam ka ci gaba da abinka. Gani ya kori ji. An taɓa kawo mini yarinya 'yar shekara biyu da tsakar dare, idanu sun kafe, haƙora a datse, ko ruwa aka ɗiga mata sai ya biyo gefen baki. Jijiya ta ɓace, ga fitila ɗaya tal. Na cusa mata guda ɗaya, na haɗe mata ɗuwawu na minti goma kamar yadda aka koya mana, aka ɗora su a babur. Bayan mako biyu uwar ta dawo da ita tana tafiya da ƙafarta.

Malam Lissafi: Sista, Allah ya raya ta. Amma ki yi haƙuri, wannan labari ba ya amsa tambayar Baban Nana. Mafi yawan yaran da ake turawa asibiti a wannan hali suna rayuwa ko an cusa ko ba a cusa ba, muddin sun isa an yi musu allura. Ba mu san me zai faru da yarinyar ba da ba ki cusa ba. Shi ya sa ake yin gwaji da ƙuri'a.

Sista Uwani: Malam Lissafi kai dai kullum a kan takarda kake. Ka taɓa riƙe yaro yana jijjiga?

Malam Lissafi: Ban taɓa ba, kuma na sara miki a kan haka. Bari dai in kawo abin da takardar ta ce, sai ku masu hannu a aikin ku auna.

Maganar "rabi" ta fito ne daga gwaji guda ɗaya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2009, Melba Gomes ce kan gaba a marubutansa. An yi shi a Bangaladash da Gana da Tanzaniya. An ɗauki marasa lafiya 17,826 waɗanda ake zaton maleriya ce kuma ba sa iya haɗiyar magani. Ƙuri'a ce ta raba su: wasu aka cusa musu artesunate, wasu aka cusa musu ƙwayar da babu magani a cikinta, kuma daga mai cusawa har iyaye babu wanda ya san wacce ce wacce. Kowa aka ce ya wuce asibiti. Daga baya aka cire waɗanda gwajin jini ya nuna ba su da maleriya da waɗanda aka riga aka yi wa allurar maleriya, saura 12,068.

Ga sakamakon. Cikin 6,072 da suka samu maganin, 154 suka rasu. Cikin 5,996 da suka samu ƙwayar wofi, 177 suka rasu. Wato kashi 2.5 da kashi 3.0 cikin ɗari. A ƙa'idar ƙididdiga wannan tazarar ba ta kai a rantse cewa ba katari ba ne. Naƙasa ta dindindin kuma, 2 ne a ɓangaren magani, 13 a ɗaya ɓangaren. Sai da aka haɗa mutuwa da naƙasa wuri ɗaya sannan bambancin ya tsallake layi, shi ma da ƙyar.

To ina rabin? Yana cikin rukunin waɗanda awa shida ta wuce ba su isa asibiti ba. A nan 29 cikin 1,566 ne suka rasu ko suka naƙasa, a ɗaya ɓangaren 57 cikin 1,519. Kashi 1.9 da kashi 3.8. Wannan shi ne rabin da aka faɗa muku a horo. Ba ƙarya ba ne, amma na wani yanki ne na gwajin, ba na gwajin gaba ɗaya ba.

Baban Nana: Ikon Allah. Wato idan na fahimce ka, ko a wannan rukunin ma sai an cusa wa yara hamsin da wani abu kafin a ce ga ɗaya da maganin ya kuɓutar?

Malam Lissafi: Kusan 53. Kuma kada ka raina wannan adadi, a harkar ceton rai babba ne ga magani mai sauƙin bayarwa haka.

Dakta Jummai: Sannunku da aiki. Malam Lissafi ya kawo alƙaluman daidai, amma yadda ya jera su zai sa mutum ya ɗauka masu binciken sun yi ta lalube ne har suka samo inda lissafi ya yi musu daɗi. Ni ban ga haka ba, don rabon da aka yi na awa shida ya dace da yadda ciwon da maganin suke aiki. Abin da ke kashe yaro a maleriya mai tsanani shi ne ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga su manne a ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Artesunate yana kashe ƙwayar cutar tun tana ƙarama tana yawo a jini, kafin ta girma ta manne. Wannan aiki yana ɗaukar awanni. Yaron da ajali ya riga ya matso, wanda zai cika cikin awa biyu, cusawa ba za ta yi masa komai ba, kuma gwajin ya nuna haka: 56 da 51 ne suka rasu cikin awa shidan farko, babu wani bambanci. Yaron da ya isa asibiti cikin awa uku kuma zai samu allura da wuri, don haka cusawar ba ta ƙara masa abu mai yawa ba. Wanda ya rage shi ne na nesa, mai kwana a hanya, kuma dama dominsa aka ƙirƙiro maganin. Rabin wannan rukuni sun haura awa 15 ba su isa ba. Idan amfanin ya bayyana a daidai inda hankali ya ce ya bayyana, ban ga dalilin da zan yi watsi da shi ba.

Malam Lissafi: Dakta, ranki ya daɗe, bayaninki ya shiga hankali, kuma ni ma na fi karkata ga cewa gaskiya ne. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙuri'a tana daidaita mutane ne a kan abin da ya riga ya kasance kafin a jefa ta. Lokacin isa asibiti kuwa bayan an cusa yake faruwa, kuma maganin kansa zai iya canza shi. A ce yaro ya samu na gaskiya, bayan awa huɗu ya buɗe ido ya nemi nono. Iyaye sai su sassauta, su ce gobe ma rana ce. Ya faɗa rukunin "masu jinkiri" ke nan, alhali sauƙin da ya samu ne ya kai shi can. A ɗaya ɓangaren kuma masu jinkirin wataƙila wasu irin mutane ne daban. Da zarar ka raba mutane da irin wannan ma'auni, kariyar ƙuri'a ta ragu.

Ba ni na fara faɗa ba. A 2011 wasu malamai biyu na jami'ar Muhimbili da ke Darussalam, Karim Hirji da Zulfiqarali Premji, sun buga doguwar suka a mujallar Trials. Sun yi ƙorafin cewa wuraren gwajin uku ba su bi tsari iri ɗaya ba, cewa an cire kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen bayan an riga an jefa ƙuri'a, da wannan batu na lokacin isa asibiti. Masu gwajin sun mayar da martani sun kare aikinsu. Wanda zai karanta ɗaya ya daure ya karanta ɗayan.

Ɗalibi Sagir: Don Allah malamaina, cire mutane 5,758 ɗin nan ba maguɗi ba ne? An koya mana duk wanda ƙuri'a ta faɗa kansa dole a lissafa da shi.

Dakta Jummai: Ƙanena, tambayarka ta yi. Ba kowace cirewa ce maguɗi ba. A duba abu biyu: dalilin cirewar ya wanzu tun kafin a ba da maganin? Kuma mai cirewar ya san wa ya samu me? A nan jinin an ɗiba ne a lokacin shiga gwajin, kuma an yanke hukuncin cirewa ba tare da sanin wa ya samu na gaskiya ba. Don haka ba ta karkatar da sikeli zuwa ɓangare ɗaya ba. Illarta daban ce. Ma'aikacin ƙauye zai cusa wa duk yaron da ya zo da alamar haɗari, har da mai sanƙarau da mai nimoniya, waɗanda artesunate ba ya yi musu komai. Amfanin da za a gani a fili dole ya gaza wanda aka gani a cikin zaɓaɓɓun masu maleriya.

Ɗan Famasi: Akwai abin da kuka tsallake, kuma shi ya fi tsorata ni. A Bangaladash kaɗai aka saka manyan yara da manya, Gana da Tanzaniya ƙananan yara ne zalla. Da masu bitar Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana auna ƙarfinsa, suka raba alƙaluman a 2014, sai aka ga a yara 'yan ƙasa da shekara shida mutuwa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma a manya ta ninka. Ninki fa! Shi ya sa Hukumar Lafiya ta ce 'yan ƙasa da shida kawai. To idan mun yarda da rukunin da ya yi mana daɗi, me ya sa ba ma damuwa da wanda ya ce maganin yana kisa?

Malam Lissafi: Ka yi tambayar da ta fi kowace a zauren nan yau. Amsar da ake bayarwa ita ce mace-macen a wannan rukuni kaɗan ne, 'yan gommai cikin mutum dubu huɗu, daga wuri ɗaya, kuma babu wani bayani na yadda ƙwaya ɗaya za ta kashe babba ta ceci yaro. Su ma masu bitar sun sanya wannan sakamako a matsayin hujja mai rauni. Mai yiwuwa katari ne. Amma gaskiyarka, ba a cin tuwo da miyar da aka ga dama kawai. Idan katari zai iya haifar da ninki biyu na mutuwa a rukuni ɗaya, zai iya haifar da ragin rabi a wani. Abin da ya bambanta su a wurina shi ne dalilin da Dakta ta kawo da kuma yawan mutanen.

Kawu Tanko: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki ko da na tsufa. Mu da kwinin, tsohon maganin maleriya, muka yi aiki. Ka haɗa shi a ruwa, ka tsaya kana ƙirga ɗigo na awa huɗu, kana fargabar sukarin yaro ya faɗi. Da aka zo da artesunate na allura babu wanda ya yi irin wannan gardamar da kuke yi. Me ya sa wancan ya wuce salin-alin, wannan kuma ya zama abin ja-in-ja?

Dakta Jummai: Kawu, barka da hutawa. Don hujjar wancan ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Gwaji biyu ne manya. SEAQUAMAT a 2005, a Bangaladash da Indiya da Indunusiya da Myanmar, mutum 1,461, galibi manya: kashi 15 suka rasu da artesunate, kashi 22 da kwinin. Sai AQUAMAT a 2010, yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da cibiya a Ilori: kashi 8.5 da kashi 10.9. Tambaya ɗaya aka yi tun farko, wa ya rayu wa ya rasu, aka lissafa kowa, amsar ta fito ba tare da an yanka mutanen gida-gida ba, kuma nahiyoyi biyu suka ba da amsa iri ɗaya.

Amma Kawu ka lura da wani abu. Wannan hujjar tana taimakon na dubura ma. Mun riga mun san sinadarin yana ceton rai idan ya shiga jini, kuma an auna an ga yana shiga jini ta dubura yana rage ƙwayar cutar, duk da cewa yawan abin da jiki ke tsotsa ya bambanta sosai daga yaro zuwa yaro. Saboda haka gwajin 2009 ba shi kaɗai yake tsaye ba.

Baban Nana: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ba ku taɓo rubutun da aka turo mini ba, na ƙasashe ukun nan.

Malam Lissafi: Shi ne binciken da ake kira CARAMAL. An yi shi daga 2018 zuwa 2020 a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Yuganda da Najeriya, a jihar Adamawa. Ƙungiyar Unitaid mai tallafa wa harkar magunguna ta ba da kuɗi, ƙungiyar lafiya ta CHAI da UNICEF da cibiyar binciken lafiya ta Swiss TPH suka gudanar. Abu na farko da za ka riƙe: babu ƙuri'a a cikinsa. An raba maganin ne a tsarin lafiya yadda yake, aka zuba ido, aka bi yara 6,286 har kwana 28. Mutuwa ta kasance kashi 6.7 a Kwango, kashi 11.7 a Najeriya, kashi 0.5 a Yuganda. A Najeriya kafin a kawo maganin kashi 4.2 ne, bayan an kawo ya koma kashi 16.1. Kuma a Kwango da Najeriya yaran da aka cusa wa sun fi waɗanda ba a cusa wa ba mutuwa. A kan wannan ne Hukumar Lafiya ta fitar da sanarwa a Janairun 2022, cewa ƙasar da ba ta fara ba ta jira, wadda ta fara kuma ta sake duba yadda take amfani da shi.

Sista Uwani: Innalillahi. Daga 4 zuwa 16?

Malam Lissafi: Sista, yanzu ni zan tambaye ki, don ke kika san amsar ba ni ba. Ƙwaya uku suka rage a akwatinki, yara biyar suka zo da zazzaɓi mai zafi. Wa za ki cusa wa?

Sista Uwani: Wanda ya fi jin jiki mana. Mai suma, mai jijjiga. Wanda ke iya haɗiya ai na baki zan ba shi.

Malam Lissafi: Shi ke nan, kin warware binciken. Idan masu tsananin ciwo ne ke samun maganin, dole a ga masu samun maganin sun fi mutuwa, ko da yana ceton wasu daga cikinsu. Da wannan lissafin sai a ce iskar oksijin na kisa, tunda waɗanda ake sa wa ita sun fi mutuwa. Masu binciken sun yi ƙoƙarin gyara wannan da ƙididdiga, amma ba za ka iya gyara abin da ba ka auna da kyau ba, kuma "yaron nan bai yi mini ba" da ke cikin idon ma'aikaciya ba ya shiga fom. Batun kafin da bayan kuma, duba tazarar Yuganda da Najeriya: rabin kashi ɗaya da kusan kashi 12. Wannan ya nuna maka ba yara iri ɗaya ake shigarwa ba. Idan bayan horo ma'aikata suka fara kawo rahoton yaran da suka fi galabaita, adadin mutuwa zai tashi ba tare da maganin ya yi laifi ba. Ga kuma annobar korona da ta faɗo a ƙarshen lokacin binciken.

Masu binciken maleriya James Watson da Thomas Peto da Nicholas White sun rubuta ƙarara cewa tsarin CARAMAL ba zai iya auna ingancin maganin ba. Hukumar Lafiya ta sa masana masu zaman kansu suka sake duba bayanan, su ma suka ce ba za a iya jingina ƙarin mutuwar ga maganin ba. A 2023 ta sabunta matsayinta, shawarar amfani da shi ga 'yan ƙasa da shekara shida tana nan. Rubutun da aka turo maka, Baban Nana, ya tsaya ne a 2022.

Dakta Jummai: A nan kuma zan ja da kai ta ɗaya gefen, Malam. Kada mu wanke maganin mu zubar da binciken gaba ɗaya. CARAMAL bai iya gaya mana ko ƙwayar tana aiki ba, na yarda. Amma ya nuna mana abin da gwajin 2009 ba zai taɓa nunawa ba, don a can akwai masu bibiya, kuma galibin marasa lafiyar sun isa asibiti. A CARAMAL an ga yara da yawa ba su ƙarasa asibitin da aka tura su ba, wasu sun isa ba a yi musu cikakkiyar allura ba, wasu an yi allurar amma ba a biyo ta da maganin haɗi na baki na kwana uku ba, wato mai haɗa dangin artesunate da wani maganin maleriya don a ƙarasa kashe cutar. Wannan gani ne na ido, ba ya buƙatar ƙuri'a.

Na taɓa karɓar yaro ɗan shekara uku wanda aka cusa wa kwana huɗu kafin su zo. Uban ya ce mini da gari ya waye yaron ya zauna har ya sha ruwa, sai suka ga babu dalilin wahalar hanya. Da suka kawo shi tafin hannunsa fari fat kamar takarda, yana numfashi sama-sama. Sai da muka yi masa ƙarin jini. Ya rayu, amma da sun ƙara yini ɗaya ban san me zan ce ba. Ƙwaya ɗaya ba ta gama da cutar, kwantar da ita take yi na ɗan lokaci. Kuma ba ta ƙara jini, ba ta ɗaga sukari, ba ta maganin sanƙarau. Gwajin jini na gaggawa ma yakan ci gaba da nuna maleriya makonni bayan an warke, don haka layi biyu a tsinken gwaji ba ya nufin ita kaɗai ke damun yaron.

Ɗan Famasi: Ƙari a kan haka, artesunate shi kaɗai ba tare da abokin haɗinsa ba shi ne hanyar da ƙwayar cuta ke koyon jure magani. An riga an tabbatar da irin wannan juriya a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Duk yaron da aka cusa wa aka bar shi haka nan, an ba cutar darasi kyauta. Sannan ajiya: kwalin ya ce kada zafi ya wuce digiri 25. Ku faɗa mini akwatin ma'aikacin ƙauye nawa ne ke cika wannan sharaɗi a watan bazara.

Ɗalibi Sagir: Ni kuma na karanta na Zambiya, a gundumar Serenje, inda aka ce mutuwa ta sauko daga kashi 8 zuwa kashi 0.25. Wannan ai ya rufe bakin kowa.

Malam Lissafi: Sagir, ma'aunin da muka auna CARAMAL da shi, da shi za mu auna wannan, ko da ya yi mana daɗi. Shi ma kafin da bayan ne, babu ƙuri'a. Idan ka wayar da kan jama'a suka fara kawo yara da wuri, har da waɗanda ciwonsu bai yi nisa ba, yawan waɗanda ake ƙirgawa zai ƙaru, kason mutuwa ya faɗi. Kuma ba ƙwaya kaɗai aka kai Serenje ba. An horar da 'yan sa-kai, an samar da kekunan ɗaukar marasa lafiya da mahayansu, an tabbatar da akwai allurar artesunate a asibitocin da ake turawa. Ina da yaƙinin an ceci rayuka a can. Nawa ne rabon ƙwayar, nawa ne rabon keken, wannan lissafin ba zai faɗa maka ba.

Sista Uwani: To ni dai keken nake so a ba ni, ku riƙe lissafin.

Kawu Tanko: Me zai hana a sake gwajin da ƙuri'ar, a huta?

Dakta Jummai: Kawu, wa zai yarda a cusa wa ɗansa ƙwayar wofi yau, bayan abin da aka sani? Babu kwamitin ɗa'a da zai sa hannu. Tambayar da ta rage a buɗe wata ce daban: inda asibiti ba ya isuwa sam, shin a cusa, in yaro ya farfaɗo ya iya haɗiya a ba shi cikakken maganin haɗi a nan ƙauyen? Akwai binciken da ake kira SEMA ReACT da ya ɗauki wannan tambaya a Kwango da Zambiya. Amma Baban Nana, kada ka ɗauki wannan ka kai wa mutanenka a matsayin izini. Ka'idar da ke hannunka ita ce a cusa a tura.

Baban Nana: To bari in maimaita abin da zan faɗa musu, ku gyara mini. Yaro daga wata shida zuwa ƙasa da shekara shida, mai zazzaɓi da alamar haɗari: suma, jijjiga, amai da komai, kasa sha ko kama nono. Guda ɗaya mai miligiram 100 ga wanda bai kai shekara uku ba, biyu ga ɗan uku zuwa biyar. In ta fito cikin rabin awa a sake sa wata. Babba ba a yi masa. Sannan a tafi nan take.

Dakta Jummai: Daidai. Ka ƙara musu cewa inda akwai mai iya allurar artesunate ta tsoka, ita ke gaba da cusawa. Kuma su canza yadda suke yi wa iyaye magana. Kada su ce "na ba shi magani." Su ce "na sa masa abin da zai riƙe shi ku isa, zai iya farfaɗowa a hanya, kada ku juyo." Su rubuta lokacin da aka cusa a takardar turawa, don mu a asibiti muna buƙatarsa.

Malam Lissafi: Ni kuma roƙona ɗaya. Daina cewa "rabi" ba tare da sharaɗinsa ba. Kuma ka buɗe littafi: kowane yaro da aka cusa wa, a rubuta ko ya isa asibiti, awa nawa ya ɗauka, an yi masa allura, an ba shi na baki, yana raye bayan wata ɗaya. Ba zai gaya maka ko maganin yana aiki ba, kada ma ka gwada wannan lissafin da yara talatin. Zai gaya maka a wace gaɓa yaranka ke ɓacewa.

Sista Uwani: Yau dai mun yi ittifaƙi da Malam Lissafi, a rubuta ranar. Amma wa zai bi yaron bayan wata ɗaya? Ma'aikacin da ko kuɗin kati ba a ba shi?

Baban Nana: Wannan kuma nawa ne, Sista, zan kai shi gaba. Dakta, tambaya ta ƙarshe kafin caji ya ƙare mini: akwai ƙauyuka biyu da rafi ke yanke su na kwana biyu ko uku in ya cika. Su me zan ce musu?

Dakta Jummai: Su cusa. Hana yaro mai suma artesunate don rafi ya cika ba shi da hujja a ko ɗaya daga binciken da muka ambata. Abin da za a yi a kwana na biyu in ruwa bai janye ba, wannan ba a zaure za mu yanke shi ba. Ka zauna da likitan da ke kula da yankinku tun kafin ruwan ya sauka, ku rubuta shi a takarda, kowane ma'aikaci ya riƙe kwafi da lambar da zai kira. Turo mini saƙo ta gefe in ba ka jerin abubuwan da za ku tattauna.